Ledar Iya

Laraba. Na makara yau ma, cunkoso a Kwangila, mai keke sai mita yake. Amma Sista ta ajiye min ƙosai da zafinsa, raina fes na fara ganin marasa lafiya.

Wajen azahar aka shigo da wata tsohuwa daga Tudun Wada, jikarta na riƙe da ita, ciwon gwiwa. Layi har bakin ƙofa, ni kuma na gaji, wallahi biro na ya riga ya rubuta rabin sunan diclofenac, maganin ciwo, kafin na ɗago na ce, "Iya, akwai maganin da kike sha a gida?" Ta ce, "Babu ɗan nan, sai na hawan jini." Jikar ce ta taɓa ta, "Iya ki nuna masa ledar mana."

Ta kwance bakin mayafi ta zazzage min a tebur. Lisinopril na hawan jini, da ƙaramin nan mai sa fitsari, da ibuprofen 400 na ciwo saura biyu a sacet, sai wani haɗin kemis a ƙulle cikin takarda, ƙwaya huɗu ba suna ba komai. Tun kafin azumi take sha safe da dare. Na ce Iya ai kin ce babu, ta ce "wannan ai na kemis ne likita, ba na asibiti ba." Ita a wajenta gaskiya ta faɗa min.

Gabana ya faɗi. Lisinopril da na fitsari da ibuprofen a jikin mai shekara saba'in, ƙoda ce ke shan wahala, ga gyambon ciki da zai iya zubar da jini ba a sani ba, ni kuma ina shirin ƙara mata diclofenac, ɗan'uwan ibuprofen, a kai da sa hannuna. Na soke. Na tambayi kalar bayan gidanta, ba baƙi, alhamdulillahi. Na rubuta paracetamol, na tura ta gwajin ƙoda, na ce jikar ta maimaita min yadda za a sha har sau biyu. Haɗin kuwa na roƙe ta ta bar min shi.

Tun da na dawo nake lissafin katunan jiya. Mutum nawa na tambaya sau ɗaya suka ce babu na wuce, kuma ba jika a gefensu?

Hajiya ta aiko da dambu, ban iya ci da yawa ba. Ba wuta. Jibi za su dawo da sakamakon, takardar haɗin na nan cikin aljihun rigata.