Ranar da na hau Dutsen Shatrunjaya

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni jihar Gujarat ta Indiya ba. Janareta na je nema a Alang, bakin tekun nan da ake farfasa tsofaffin jiragen ruwa tun 1983. Tun kafin ka isa gaɓa shaguna sun jeru hagu da dama: injuna, famfuna, katifu, tukwanen girki, duk daga cikin jirgi aka ciro su. Dillalin da ya yi mini jagora mabiyin addinin Jain ne. Da muka gama ciniki sai ya ce, "Bhai, Palitana za ni ziyara, zo mu tafi." Bhai ɗan'uwa ke nan a bakinsu.

Palitana ƙaramin gari ne a gundumar Bhavnagar, wanda a dā masarauta ce ta sarakunan Gohil. Akwai masu goge lu'ulu'u, akwai maƙeran harsunan harmoniya, kayan kiɗan nan mai zugazugi, amma Dutsen Shatrunjaya da ke bayan gari, mai tsarki a wurin mabiya Jain, shi ne ke tara jama'a.

Tun daren farko na yi kuskure. Na bari sai bayan magariba na fita neman abinci, na tarar an rufe kicin ɗin masaukinmu, domin Jain ba sa ci bayan faɗuwar rana. Nama kuwa ba a maganarsa, tun 2014 aka hana yanka a garin bayan sufayensu sun yi zaman ƙin cin abinci. Hatta albasa, tafarnuwa da dankali masu tsantseni ba sa taɓawa, saboda tono su yana kashe shukar da ƙananan halittun da ke jikinta. Duk mai zuwa ya ci ya ƙoshi tun la'asar.

Ina idar da sallar asuba muka nufi gindin dutsen, wurin da suke kira Taleti. Abokina ya dubi ƙuguna ya ce bel ɗin fata ba ya hawa. Na kwance na ba da ajiya.

Matakalar ta haura 3,000. Na ɗauke ta da gaggawa, ban yi nisa ba numfashi ya gagare ni, na zauna. Wata tsohuwa mai sanda, ƙafa ba takalmi, wadda na wuce tun a ƙasa, ta zo ta shige ni tana motsa leɓe. Ba ta ƙara sauri ba, ba ta kuma tsaya ba. Takunta na ara har sama. Waɗanda ƙarfi ya ƙare musu akan ɗauke su a doli, wani mazauni da ke rataye a jikin gora, maza sun saɓa a kafaɗa suna hawa, zufa na tsiyaya.

Abin da ya fi zama mini a rai a wata inuwa na gan shi. Wata sufiya cikin fararen kaya ta zo za ta zauna, sai ta ciro 'yar tsintsiyarta ta farin ulu ta share dutsen a hankali. Tururuwa ce guda ɗaya tak. Ta jira har ta sauka gefe, sannan ta zauna. Ahimsa suke kiran wannan, wato kada ka cutar da mai rai. Nan take na tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, na kuma tuna sau nawa na take kiyashi ban ko waiwaya ba.

A sama akwai wuraren bauta fiye da 800, galibi na farin marmara mai sassaƙa, mafi girma na Adinath ne, na farko cikin jagororinsu 24 da ake kira Tirthankara. Tun a ƙasa na gaya wa abokina ni Musulmi ne, kallo kawai zan yi, ya ce ba komai. Shi ne ma ya nuna mini hubbaren Angar Pir, wani waliyyin Musulmi da ke kan dutsen, inda masu neman haihuwa ke ajiye 'yan ƙananan gadajen jarirai.

Ba a kwana a saman, kowa sai ya sauko kafin dare, kuma watanni huɗu na damina mabiya ba sa hawa. Saukowar ta fi hawan cin gwiwa, na yi da-na-sanin ƙin karɓar sandar haya a Taleti.

A hanyar komawa Alang na tambaye shi yadda zuciyarsa ke haɗa tausayin tururuwa da sana'ar da leburori ke yanka ƙarfe da wuta, wani lokaci har a rasa rai. Ya daɗe shiru yana kallon titi, sannan ya ce, "Bhai, tambayar nan ita ke dawo da ni dutsen kowace shekara."