Ƙarƙashin benci

Shekarata ta biyu ina koyon kafinta a Wusasa, wata majami'a ta kawo mana aikin bencina da mumbari. Maigidana, wanda kowa ke kira Baba, ya ce in ɗauki bencinan, shi zai yi mumbari.

Lokacin damina ce. Na je kasuwar katako na ga maɗaci mai araha, ɗanye shakaf, na saya don in rage kuɗi. Na yi aikin cikin mako uku, na shafa fenti, bencina suka fito suna ƙyalli. Da hunturu ya shigo, iska ta tsotse ruwan katakon. Wasu suka tsage, wasu suka karkace, ƙusoshi suka leƙo waje har ɗaya ta yaga zanin wata baiwar Allah ranar Lahadi.

Baba bai yi mini faɗa ba. Kifa benci ɗaya ya yi, ya shafa ƙarƙashinsa, inda ban goge ba don na san ba mai dubawa. Ya ce, "Ɗana, nan fa wa ka bar wa?" Na ce, "Baba, ai ba a gani." Sai ya tuna mini cewa a Markus 6:3 mutanen garinsu Yesu masassaƙi suka kira shi, ya ce in yi tunanin irin ƙarƙashin bencin da zai fito daga hannunsa. Da kuɗina na sake guda shida.

Daga nan na fara sanin itace. Maɗaci sai ya sha iska a inuwa, an jera shi da 'yan sanduna a tsakani. Kirya, wadda ake turmi da ita, gara ba ta samun sa'arta, amma tana cinye kaifin zarto. Madobiya kuwa, masu kai ta China sun sa ta zama sai mai hali. Na kuma koyi haɗa ƙafa da jiki ta hanyar huda rami a cusa harshen katako, maimakon dogaro da ƙusa.

Mumbarin ma ya jawo magana. Baba ya sassaƙa dagi a gefe biyu, gicciye a tsakiya. Wani dattijon ikilisiya ya ce dagi adon fada ne, me ya kawo shi ɗakin sujada? Baba ya kai shi tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da ke nan Wusasa, wadda magina Hausawa suka gina da ƙasa wajen 1929, da bakan gizo irin na soron gargajiya. Ya ce mu Hausawa ne kafin baftisma, bayanta ma ba mu sake kakanni ba. Ni dai ina bayan Baba a wannan, ko da yake dattijon bai taɓa cewa ya yarda ba. Shiru kawai ya yi.

Yanzu ina da yara biyu masu koyo. Jiya ƙaramin ya kawo mini kujera yana murmushi, na karɓa na kifa ta.