Saita Allon Sarrafa Sauti da Manhajar Haɗa Kiɗa

Na daɗe ina haɗa kiɗa da linzamin kwamfuta kafin in mallaki allon sarrafa sauti mai maɓallan ja guda takwas, wato waɗanda ake ja sama da ƙasa don ƙara ko rage sauti, kuma tun daren farko na gane cewa jona wayar USB ba ita ce aikin ba. Allon ba ya fitar da sauti ko kaɗan. Saƙonnin MIDI kawai yake aikawa, wato tsarin aika umarni tsakanin kayan kiɗa da kwamfuta da aka fito da shi a 1983, kuma muddin manhaja ba ta san ma'anar saƙon ba, ko sau ɗari aka ja maɓalli babu abin da zai motsa.

Saboda haka nake fara tantance yaren da allon da manhajar za su yi magana da shi. Idan allon ya iya yaren Mackie Control, shi nake zaɓa a manhajar Logic Pro, Cubase ko Reaper, domin manhajar da kanta za ta raba maɓallan ga layukan sauti takwas-takwas, ta kuma mayar wa allon da bayani, har sunayen layukan su bayyana idan yana da fuskar nuna rubutu. Manhajar Pro Tools kuwa yaren HUI take ji, wanda kamfanonin Mackie da Digidesign suka samar a 1997. Dole ne a saita yaren a ɓangarorin biyu, a kuma zaɓi mashiga da mafitar saƙonnin MIDI duka, don idan aka manta da mafita fitilun allon ba za su bi abin da manhaja take yi ba.

Akwai wani dalilin da ya sa na fi son wannan hanya. Saƙon CC, wato saƙon MIDI na yau da kullum da ke faɗa wa manhaja matsayin maɓalli, matakai 128 ne kacal, daga 0 zuwa 127, alhali Mackie Control yana aika motsin maɓallin ja ta wani saƙon MIDI dabam, na lanƙwasa murya, wanda yake iya ɗaukar matakai 16,384. Ba kowane allo ne yake amfani da su duka ba, amma kunne yana jin bambancin idan ana rage muryar mawaƙi a hankali.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tsallen sauti. Maɓallan allona ba su da injin da zai motsa su, don haka idan na koma wani rukunin layuka, maɓallin yana nan inda na bar shi, ƙarfin sautin kuwa yana wani wuri dabam a manhaja. Da na taɓa shi sai ganga ta yi tsawa a kunnena. A manhajar Ableton Live, maganin yana cikin wani saiti mai suna Pickup, wanda yake sa manhajar ta yi biris da maɓallin har sai ya iso daidai matakin da sautin yake.

Sauran maɓallan murɗawa da hannu nake ɗaura su ta MIDI Learn, wato in zaɓi abu a manhaja in murɗa maɓallin ita kuma ta haɗa su, ina kauce wa lambobin CC da suke da aikinsu tuntuni, kamar 1, 7, 10 da 64, da kuma 120 zuwa 127. Da farko na ɗaura kusan komai, sai na riƙa duba kwamfuta don tuna aikin kowane maɓalli, abin da na sayi allon don in daina. Yanzu abubuwa shida kawai na bari, kowanne a wuri guda a duk waƙar da na buɗe, na kuma adana saitin a fayil ɗin da nake fara sabon aiki da shi.