Kyamarar Alhaji da tafinta biyu da na ajiye tsakanin IPv4 da IPv6

Wata uku da suka wuce maigidana ya tura ni wani shagon shadda da atamfa a tsohuwar kasuwa nan Sakkwato, mai shagon, wani Alhaji, yana so ya riƙa kallon kyamarorinshi ta waya in ya tafi Kano ko Illela. Ni a raina aikin awa ɗaya ne, in buɗe ƙofa a rauta, wato akwatin da ke raba intanet a shagon, in nuna mata na'urar da ke naɗar bidiyo, in karɓi na mai in wuce. Wallahi kwana huɗu na yi ina zarya cikin ranar nan tamu.

Na buɗe ƙofa, shiru. Na sake, shiru. Sai da na leƙa adireshin da kamfanin intanet ya ba rautar na ga ya fara da 100.64, nan jikina ya yi sanyi, don wannan ba naka ba ne kai kaɗai, ku da yawa aka tara bayan adireshi guda, shi ne ake ce ma CGNAT. Kamar gidan haya mai zaure ɗaya, kai kana fita ka dawo amma baƙo ba ya iya sallama ya ce ɗaki kaza yake nema. Kuma ban ga laifinsu ba, IPv4, wato tsohon tsarin adireshin intanet, duka-duka adireshi kusan biliyan 4.3 ne, tun Fabrairun 2011 IANA, hukumar da ke rabon adireshin ga duniya, ta rabar da ragowar da ke hannunta, AFRINIC ɗinmu ta Afirka ma yanzu da cokali take aunawa.

Sai na ga rautar tana da IPv6, wato sabon tsarin adireshin, na gaske wanda ake iya samu daga waje, na fara murna, ashe na'urar bidiyon tsohuwa ce IPv4 kawai ta sani. Da can na ɗauka IPv6 ƙanen IPv4 ne, ko yaya dai za su fahimci juna. Ina! Tsawon adireshin IPv4 bit 32 ne, na IPv6 128, tsarin fakitinsu, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa, ma daban, kamar ka haɗa Bazabarmen da bai jin Hausa da Bayarabe su yi ciniki, in babu tafinta sai kallon-kallo.

Tafintan farko Raspberry Pi ne, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, na ajiye ƙarƙashin kanta, na sa mishi manhajar socat mai miƙa saƙo, ya saurara ta IPv6 ya miƙa ma na'urar ta IPv4. Na gwada da kwamfutata ya yi. Alhaji ya ɗauko wayarshi, ba komai.

"Yaro, mi ya faru kuma?"

"Ranka ya daɗe layinka ne bai da sabon adireshin."

"To ni ina ruwana da adireshi, shagona nika son gani."

Gaskiyarshi. Da tun farko na zauna na tambayi kowane ɓangare wane yare yake ji, waya, rauta, na'ura, da ban ɓata kwana biyu ba. Dole na kama hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, a Turai mai adireshin duka biyu ta zama tafinta na biyu. Wato Alhaji yana tsaye cikin shago, hoton kyamarar da ke saman hularshi sai ya je Turai ya dawo kafin ya gani, shi ya sa in ya ɗaga hannu sai an ɗan jima hoton ya ɗaga.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya nawa ne. Tunda IPv6 babu wancan zauren da ke ɓoye ka, na ce bari in tsaurara tsaro, na toshe komai har da ICMPv6, don mun saba toshe ɗan'uwanshi ping, saƙon gwada ko na'ura na nan, a IPv4 ba abin da ke faruwa. Abu ya yi aiki ɗan lokaci ya mutu, in na kashe na kunna ya dawo ya sake mutuwa. Na zagi wuta, na zagi zafi, har fanka na sa ma Pi ɗin. Ashe a IPv6 da ICMPv6 ɗin na'urori ke gano maƙwabtansu, aikin da ARP ke yi a tsohon tsari, da shi rauta ke sanar da kanta, kuma da shi ake gaya maka fakitinka ya yi girma ka rage, tunda rautocin hanya ba sa yanka fakiti a IPv6. Na buɗe shi, tun ranar bai sake tari ba.

Abu ɗaya da har yau bai min daɗi, na'urar bidiyon duk wanda ya shigo adireshin Pi take gani, ba ta san ko wane ne ba, don haka na tilasta aka canza fasuwod daga 12345.

Shekaranjiya Alhaji ya kira ni daga Illela, gabana ya faɗi na ce ta sake lalacewa. Ashe so yake in kira mishi yaron shago, wai ga shi nan yana kallonshi ya yi matashi da bandir ɗin shadda yana barci.