Mako na shida da libvirt: fayil ɗin da na'ura ta rubuta

Salamu alaikum, 'yan uwa abokan koyo. Wannan makon na sha wuya, amma na ƙaru.

Kun san tun watan jiya nake gina libvirt, manhajar sarrafa kwamfutocin kwaikwayo (virtual machines), daga lambarta (code) a tsohuwar kwamfutata a nan Aboabo, da kayan gina manhaja Meson da Ninja, yadda masu libvirt suka koma yi tun fitowar 6.7.0 a 2020. Ranar Litinin na taɓa wani ɗan wuri a sashen da ke shirya umarnin da ake miƙa wa QEMU, manhajar da ke gudanar da kwamfutocin kwaikwayon. Layi uku kacal. Da na kunna gwaji, sai allo ya cika da ja.

Ashe gwajin yana kwatanta abin da lambar ta fitar ne da wasu fayilolin .args da aka ajiye tun da, kuma nawa sun tsufa. Na buɗe ɗaya na fara gyarawa da hannu. Na kai na huɗu aka ɗauke wuta, na zauna a duhu ina lissafin sauran.

Washegari bayan Azahar wani yayanmu da ya daɗe a harkar ya leƙo. Ya ce, "Ƙanena, wannan ba rubutun mutum ba ne, bar na'ura ta sake rubuta abinta." Ya sa na saka VIR_TEST_REGENERATE_OUTPUT=1 kafin gwajin, nan take fayilolin suka sabunta. Har na miƙa hannu zan adana, ya riƙe ni: "Karanta git diff tukuna." Wato umarnin da ke nuna abin da ya sauya a fayiloli. Alhamdu lillahi da na karanta. Cikin sauye-sauyen akwai na injunan s390 (manyan kwamfutocin IBM), waɗanda ko kusa ban nufa ba. Kuskuren a lambata yake, kuma da na amince ido rufe, da gwajin ya koma shaidar kuskure. Wannan ya tsaya mini a rai sosai. Yanzu lambar da fayilolin da ta haifa tare nake adana su, kowane layi sai na gani.

Daga nan muka gwada ko gininsa da nawa za su zo iri ɗaya. sha256sum, mai fitar da lambar shaidar fayil, ya ce a'a. diffoscope, mai tono bambancin fayiloli, ya nuna mana dalili ɗaya ƙarara: sunan foldar da kowannenmu ya yi ginin a ciki ya shige cikin abin da aka gina. Ga kuma GCC ɗinmu, mai mayar da lamba manhaja, ba ɗaya ba.

Shi ya sa muka koma kwantenar Debian (keɓaɓɓen muhallin aiki na Linux) da ke ci/containers, wuri ɗaya, kayan aiki ɗaya, da SOURCE_DATE_EPOCH don kada agogo ya raba mu. Takardar bayanin kwantenar ita ma wani kayan aikin libvirt mai suna lcitool ne ke rubuta ta daga ci/manifest.yml, kuma a samanta an rubuta cewa na'ura ce ta samar da ita. Ban taɓa ta ba.

Saukar da kwantenar ya cinye mini data ba kaɗan ba. Ginin farko ya gama a wajena. Na yayanmu sai Asabar, in Allah ya kai mu.