Buɗewa da rufewa: aikina da `with` a Python

An ba ni aikin gyara wata ƙaramar manhaja da ke lissafin kaya a wani shagon sarin magunguna. Da Python aka rubuta ta, tana aiki a kan tsohuwar kwamfuta mai Linux a bayan kantar shagon. Ƙorafin mai shagon guda ɗaya ne: ranar da ciniki ya kankama, wajen la'asar sai ta tsaya cak, ta ƙi fitar da rasit, sai an kashe an kunna. Abin da take bari a allo shi ne `Too many open files`, kuskure mai lamba 24. A yawancin na'urorin Linux, manhaja ba ta riƙe fayil fiye da 1024 a buɗe lokaci guda, sai dai in an ɗaga mata iyakar.

Da na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, na tarar wanda ya rubuta ta bai yi sakaci ba. Duk inda ya buɗe fayil, akwai layin rufewa a can ƙasa. Sai dai a tsakaninsu akwai wani `return` da ke fitar da aikin da zarar an samu maganin da ake nema, ba a kai ga layin rufewar ba. Ga shi kuma ana ajiye kowane fayil da aka buɗe a cikin wani jeri, saboda haka Python ba ta iya kawar da shi da kanta. Duk binciken da ya yi nasara sai ya bar ƙofa ɗaya a buɗe.

Tsohuwar hanyar magance wannan ita ce `try` da `finally`, wato a sa layin rufewa a ƙarƙashin `finally` don ya gudana ko ta yaya aka fita, kuma tana aiki. Amma a manhajar da ke buɗe fayil a wurare barkatai, dole ka maimaita ta a ko'ina, kuma wuri ɗaya da aka manta ya isa. Shi ya sa na koma ga `with`, wanda ya shigo Python a siga ta 2.5 a shekarar 2006, ta hanyar daftarin shawarar inganta Python mai suna PEP 343. Yadda yake aiki ba wuya. Kafin a shiga layukan da ke ƙarƙashinsa, Python na kiran `__enter__`, wato aikin shiri na abin da ka ba ta. A wajen fita kuma tana kiran `__exit__`, wato aikin kammalawarsa, ko aikin ya ƙare lafiya, ko `return` ne ya yanke shi, ko kuskure ne ya tashi. Kamar yaron shago ne mai amana: ko kasuwa ta yi kyau ko ta watse da hayaniya, ba ya tafiya gida sai ya sa kwaɗo. Na mai da duk buɗe-buɗen zuwa `with open(suna) as f:`, na cire jerin nan, tsayawar la'asar ta zama tarihi.

Inda na fi daɗewa shi ne rumbun bayanai. Manhajar na amfani da `sqlite3` wajen haɗuwa da rumbun, kuma shi ma yana karɓar `with`. Mutum zai ɗauka rufe haɗin yake yi kamar na fayil. Ba haka ba ne. Abin da yake yi shi ne tabbatar da canjin da aka yi in komai ya tafi daidai, ko ya soke shi gaba ɗaya in an samu kuskure. Haɗin yana nan a buɗe. Wannan ɗabi'ar ta yi mini rana wajen sayar da kaya, domin rage adadin magani da rubuta kuɗin da aka karɓa dole su tafi tare, ko duka ko babu. Don rufe haɗin kuwa sai da na naɗe shi da `closing` na cikin `contextlib`, kundin kayan aikin `with` na Python. Tun daga nan ba na amfani da `with` a kan wani abu sai na karanta ainihin abin da `__exit__` ɗinsa ke yi. Haka kuma ina duba abin da yake mayarwa, domin in ya mayar da `True`, kuskuren ya haɗiye ke nan, manhaja ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. A lissafin kuɗin mutane, wannan ya fi tsayawa cak haɗari.

Sai batun wuta. `__exit__` layin manhaja ne kamar kowane layi, sai kwamfuta na numfashi zai gudana. In aka ɗauke wuta batirin inbata kuma ya yi sanyi a daidai lokacin da ake rubuta rahoton rana, fayil ɗin zai iya tsayawa rabi da rabi, tsohon ya lalace sabon bai kammala ba. A nan na rubuta nawa abin da za a ba `with`, ta hanyar `@contextmanager` na cikin `contextlib`:

```python
@contextmanager
def rubutu_amintacce(suna):
    sabo = suna + ".sabo"
    with open(sabo, "w") as f:
        yield f
        f.flush()
        os.fsync(f.fileno())
    os.replace(sabo, suna)
```

A kan `yield` ne layukan da ke ƙarƙashin `with` ke gudana; abin da ke sama da shi shi ne shiri, na ƙasa shi ne kammalawa. Ana rubutun ne a fayil na wucin gadi, `fsync` ya tura shi kan faifai, sannan `os.replace` ya ɗora shi a gurbin tsohon a taki ɗaya. Duk lokacin da wuta ta ɗauke, ko dai tsohon rahoto ne cikakke ko sabo cikakke.

Akwai wata gaɓa a nan da ya kamata a lura da ita. Kuskuren da ya tashi a cikin layukan da ke ƙarƙashin `with` yana fitowa ne daidai kan `yield`, kuma duk abin da ke ƙasa ba zai gudana ba sai an kewaye shi da `finally`. A wannan karon da gangan na bar `os.replace` ba kariya, don kada rubutun da ya gurgunce ya danne mai kyau. Abin da hakan ke bari a baya shi ne fayil mai ƙarewa da `.sabo`, sai na sa manhajar ta riƙa neman irinsa tana sharewa duk safiya in an kunna ta, kafin a fitar da rasit na farko.