Kyamarar diron ta karkace, ga biki jibi

Alhamis, bayan sallar Isha'i.

Jibi Asabar muna da aikin biki a Dawakin Kudu, kuma dangin ango sun nace sai an ɗauko musu jerin motoci daga sama. Shi ya sa da hantsi na fita da diron ɗin, wato ɗan jirgin nan mai kyamara da ake sarrafawa daga ƙasa, zuwa fili don gwaji. Yana tashi na duba allon waya, sai na ga komai ya gangara hagu, har katangar makaranta da turakun wuta. Idan na juya shi kuma hoton ya riƙa ɓari. Nan take gabana ya faɗi, don irin wannan bidiyo ba ya miƙuwa ga mai biki.

Matsalar daga gimbal take, wato maƙallin da ke riƙe da kyamara. Ƙananan injuna uku ne a jikinsa: ɗaya na ɗaga kyamara sama da ƙasa, ɗaya na juya ta dama da hagu, na ukun na hana ta karkata gefe. Duk yadda iska ta kaɗa jirgin, su ne ke gyara zaman kyamara kafin ƙiftawar ido. Na ukun nan nake zargi.

Da muka koma shago yarona ya ce, "Oga, mu danna saitin da ke cikin manhaja mana, ai shi kaɗai yake yi." Na ce ya dakata tukuna. Saitin nan koya wa na'ura ake yi ta san mene ne daidai, kuma duk abin da ka ɗora ta a kai shi za ta ɗauka a matsayin gaskiya. Na aro ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a wurin maƙwabcinmu, muka ɗora a tebur, ɗigon ya gudu gefe. Tayil ɗin ƙasa ne ya zauna daram, can muka ajiye jirgin. Saitin ya fara, kyamara na jujjuyawa, bai yi nisa ba ya tsaya, saƙo ya fito wai injin gimbal ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Na bar jirgin ya huce sosai, sannan na saita IMU, na'urar da ke auna karkata da motsinsa. Ana son a yi wannan yana da sanyi. Manhaja ce ke nuna maka yadda za ka kwantar da shi, wannan gefe, wancan gefe, kai sama. Ya kammala lafiya. Kamfas kuwa ban taɓa shi ba. Mutane na haɗa su, alhali kamfas alƙibla yake nunawa, kuma wanda ya saita shi a cikin ɗaki mai rodi a cikin kankare ya ƙara wa kansa aiki ne kawai.

Na sake gwada saitin gimbal, ya sake tsayawa. Sai na cire batir, na kama kyamarar da yatsu biyu ina motsa ta a hankali. Sama da ƙasa sumul. Dama da hagu sumul. Da na karkata ta gefe sai na ji ƙaras-ƙaras, kamar an tauna tsakuwa a shinkafa. Ashe yashi ne. Akwai maganaɗisu a cikin injunan nan, yana jawo ƙananan ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin ƙasa, ga ƙurar hunturu, ga kuma farfela da ke tayar da rairayi duk lokacin tashi da sauka. Babu saitin da zai fitar da yashi daga inji.

Na ɗauko robar hura iska da muke share gilashin kyamara da ita, da burushi mai laushi, na yi ta hurawa ina juya injin. Yaron ya kawo man keken ɗinki, na hana shi, don mai ƙura yake tarawa. Muna cikin haka na lura ɗaya daga robobin da gimbal ke rataye a kansu ta zame daga raminta. Ita ce ke kawo ɓarin. Na mayar da ita da tsinken sakace. Na kira wani mai gyara a Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, na tambaye shi batun fileks, wato siririyar wayar da ke haɗa kyamara da jikin jirgin, ya ce, "Ranka ya daɗe, da ya tsage da hoton ya riƙa ɗaukewa, ko kyamarar ta saki jiki." Na haska da tocila, lafiyarsa ƙalau.

Wannan karon saitin ya kai kashi 100. Alhamdu lillahi. 'Yar karkatar da ta rage na gyara ta da hannu a manhaja, ina auna ta da layin taga.

Bayan La'asar muka koma fili. Na tsayar da shi a sama, na juya shi zagaye, katanga ta zauna a miƙe. Idan na ja shi gefe da gudu yakan ɗan karkata ya dawo, wannan kuma ba sabon abu ba ne a ƙananan jirage.

Na sa kafinta ya yanko mini falankin da za mu riƙa tashi da sauka a kai, gobe da safe zan karɓa. Batura na kan caji tunda an kawo wuta. Bayan Juma'a zan ƙara gwaji ɗaya kafin mu haɗa kaya, in sha Allah.